KWAMFUTAR GIDA: A RUBUTA KAFIN A SAYA

A unguwarmu akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, mai 'ya'ya biyar. Da aka biya shi kuɗin sallama, sai ya ware wani kashi domin ya saya wa yaran kwamfuta. Yana kuwa da dalili mai kyau. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta gaba ɗaya. Ga shi 'yarsa tana aji shida na sakandare, ba ta kuwa taɓa zama gaban kwamfuta ba sai sau biyu ko uku a makaranta. Uwargida kuma tana da ɗan shagon hatsi, tana so yara su riƙa ajiye mata lissafi.

Babban ɗansa ya ce, "Baba, kada mu sayi haɗaɗɗiya. Bari in sayo kayan ɗaya ɗaya, in haɗa da hannuna. Za ta fi araha, za ta kuma fi ƙarfi."

Uban ya ce, "To, kai ka san abin. Ga kuɗi."

Yaro ya shiga saye. Wannan mako ya ga wani abu da araha ya saya, mako na gaba ya ga wani ya ƙara. Bayan wata uku, ran wata Asabar, aka share tebur, aka zube kaya, iyali duka suka kewaye suna kallo. Ya ɗauki RAM zai sa a gurbinsa, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya danna, ya ƙi. Aka aro wani wurin abokinsa, wannan ya shiga. Aka kunna, fanka ta juya, amma monita ta zauna baƙa ƙirin. Da ya koma kasuwa domin a canja masa, mai shago ya ce, "Samari, ina rasit?" Babu rasit.

Abin da muke so mu lura da shi shi ne, ba wanda ya cuci yaron nan. Kayan da ya saya lafiyayyu ne duka. Ba su dai dace da juna ba. Domin wannan muka ga ya kamata a wannan wata mu zauna da ku, iyaye da samari, mu duba yadda ake zaɓen kayan kwamfutar tebur, don kada guminku ya tafi a banza.

Me Ya Sa Ake Iya Haɗa Ta A Gida?

A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur. Bai ƙera kayan cikinta duka da kansa ba. Ya sayo ƙwaƙwalwar daga kamfanin Intel, tsarin sarrafa ta kuma daga Microsoft. Da sauran kamfanoni suka ga haka, sai su ma suka shiga yin irinta. A 1995 Intel ya fito da wani ma'auni mai suna ATX, wanda ya tsai da girman babban allo, da wuraren ƙusoshi, da irin bakin wayar wuta. Har yau a kan ma'aunin nan da 'ya'yansa ake tafiya. Shi ya sa allon da kamfanin Taiwan ya yi yakan zauna daidai cikin akwatin da aka ƙera a Sin, RAM na Koriya ta Kudu kuma ya yi aiki tare da su.

Amma ma'aunin nan bai rufe kome da kome ba. Bayan kowace 'yan shekaru, masu ƙera kayan sukan fito da sabon zubi, wanda ba ya shiga gurbin tsohon. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe.

Tambaya Ta Fari: Wane Aiki Za Ta Yi?

Wanda zai sayi jaki yakan san kayan da zai ɗora masa. Haka nan kafin a yi maganar kuɗi, sai iyali su zauna su amsa tambaya guda: me za a yi da kwamfutar nan?

In aikin makaranta ne, da buga takardu, da lissafin shago, da koyon jarrabawa, da shiga intanet, to, matsakaiciya ta isa sarai. In kuwa akwai mai koyon zanen gine-gine, ko shirya bidiyo, to, ana bukatar mai ƙarfi, kuɗinta ma zai ninka. Yara sukan so mai ƙarfi saboda wasanni. Wannan ba laifi ba ne, amma a faɗi gaskiya a fili, domin uba ya san abin da yake biya.

Akwai kuma gidan da kwamfutar tebur ba ta dace da shi ba. Inda wuta takan yi kwanaki ba ta zo ba, babu kuma sola ko janareto, laftof ta fi amfani, gama tana da batir nata. Amfanin ta tebur shi ne, tana da sauƙin gyara, tana jure zafi fiye da laftof, ana iya ƙara mata ƙarfi kaɗan kaɗan, ba ta kuma fita daga gida. A gidan yara biyar, wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙwaƙwalwa Da Babban Allo: Tare Ake Zaɓensu

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Babban allo kuwa, wanda 'yan kasuwa suke kira madabod, shi ne shimfiɗar da kowane abu yake zama a kai. Kamfanoni biyu ne suke yin furosesar irin wannan kwamfuta, wato Intel da AMD. Ta Intel ba ta shiga allon AMD, ta AMD kuma ba ta shiga allon Intel. Ko cikin kamfani ɗaya ma, kowane zubi yana da nasa gurbi, kowane gurbi kuma da sunansa.

AMD yana da gurbin AM4, wanda ya fito a 2016, da AM5 na 2022. Intel yana da LGA1700 na 2021, wanda yake ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, sa'an nan LGA1851 na 2024. Sunan gurbin yana rubuce a kwalin furosesa da kwalin allo. Dole sunayen biyu su zama ɗaya. In furosesar ta fito bayan allon, a tambayi mai sayarwa ko an sabunta ɗan tsarin da yake cikin allon, wanda ake kira BIOS, domin ya gane ta.

Mu yi hankali kuma da suna. Mai shago yakan ce, "Wannan i7 ce," mai saye kuwa ya ji daɗi, yana tsammani lamba 7 kullum ta fi 3. Ba haka ba ne. A duba lambobin da suke biye. A Core i7-3770, lamba 3 ta fari tana nuna zubi na uku, na shekarar 2012. A Core i3-12100, lamba 12 tana nuna zubi na goma sha biyu, na 2022. Wannan i3 ta fi waccan i7 sauri nesa ba kusa ba. Tsohon doki mai babban suna bai kai saurayin doki gudu ba.

Shekarun furosesa suna da wani muhimmanci kuma. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya rufe kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 kuwa, bisa ga ƙa'idar kamfanin, tana bukatar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD daga Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Wadda ta fi wannan tsufa ba ta zama shara ba. Ana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne kuwa. Amma a san da wannan kafin a biya, kada a biya kuɗin sabuwa a kan tsohuwa.

Sa'an nan a duba harafin ƙarshe. Furosesar Intel da sunanta ya ƙare da F, kamar Core i5-12400F, ba ta iya fitar da hoto da kanta, sai an haɗa ta da katin hoto dabam. Irin wannan ce ɗan maƙwabcinmu ya saya, don ya ga ta ɗan fi araha. Abin da ya sa monita ta zauna baƙa ke nan. A gurbin AM4 kuma, waɗanda suke da hoto a ciki su ne masu harafin G, kamar Ryzen 5 5600G.

RAM Da Ma'ajiya

RAM kamar tabarmar aiki yake. In tana da faɗi, mai aiki yakan baza kayansa duka ya yi ta aiki. In ƙarama ce, sai ya yi ta ɗauke wannan yana ajiye wancan. Gigabait 8 shi ne mafi ƙanƙanta da za mu ba da shawara a yau, 16 kuwa ya fi kwanciyar rai. Sanda biyu masu 8 iri ɗaya sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, gama hanya biyu ta fi ɗaya. Wannan ya fi nunawa inda furosesa ce take fitar da hoto da kanta.

RAM iri biyu ne a kasuwa yanzu, DDR4 da DDR5. Tsawonsu ɗaya, kowanne yana da haƙora 288, amma ɗan tsagin da yake ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba. Da gangan aka yi haka domin kada ɗaya ya shiga gurbin ɗaya. Allon AM4 DDR4 kaɗai yake ɗauka. AM5 da LGA1851 kuma DDR5 kaɗai. Allunan LGA1700 kuwa, waɗansu na DDR4 ne, waɗansu na DDR5, sai an karanta kwali. Yaron nan ya sayi DDR5, allonsa kuwa na DDR4 ne. In RAM ya ƙi shiga, kada a danna da ƙarfi. RAM na laftof ma gajere ne, ba ya shiga allon tebur.

Ma'ajiya ita ce rumbu, inda takardu da hotuna suke kwana bayan an kashe wuta. Tsohon iri faifai ne mai juyawa, wanda ake kira had dis. Sabon iri, wato SSD, ba abin da yake motsi a cikinsa. Faifai mai juyawa yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD irin na SATA yakan kai wajen 550. Irin na NVMe, ɗan siriri kamar ɗan yatsa, mai shiga gurbin M.2 a jikin allo, yakan wuce 3,000. In kuɗi ya yi kaɗan, a rage a wani wuri, amma Windows ta zauna a kan SSD. Mai gigabait 500 ya ishi yawancin gidaje. Ana iya ƙara faifai mai juyawa daga baya domin hotunan biki da bidiyo.

Katin Hoto: Yawancinmu Ba Mu Bukatarsa

Sau da yawa katin hoto shi ne mafi tsada cikin kayan duka, shi ne kuma mafi shan wuta. Waɗansu manya sukan sha wat 300 ko fiye su kaɗai. Don aikin makaranta da na shago, hoton da yake cikin furosesa ya isa. A bar gurbinsa a buɗe, in bukata ta zo a saya.

Wanda lalle zai saya na hannu, sai ya san tarihi kaɗan. Wajen 2021 mutane sun sayi katuna masu yawa suna haƙar kuɗin kirifto da su dare da rana. Da tsarin Ethereum ya daina irin wannan haƙa a watan Satumba na 2022, katunan suka kwararo kasuwannin duniya. Waɗansu suna da lafiya, waɗansu sun gaji. Ba a ganewa da ido, sai an kunna an sa shi aiki mai nauyi, a ga ko zai yi zafi fiye da kima, ko hoto ya ɓaci.

Fawa-fak: Inda Ba A Yin Rowa

Yanzu mun zo ga abin da aka fi rainawa. Fawa-fak shi ne ɗan akwatin ƙarfe mai karɓar wutar bango ya mai da ita ƙaramar wuta, mai bolt 12 da 5 da 3.3, ya rarraba wa sauran kaya. Ba ya ƙara sauri, ba ya da kyan gani. Domin haka mai saye yakan bar shi sai ƙarshe, ya saye shi da canjin da ya rage. Amma kowane abu a cikin kwamfuta daga hannunsa yake ci. Sa'ad da marar kyau ya ƙone, yakan tafi da allo, wani lokaci har da ma'ajiya da dukan abin da yake cikinta.

A ƙasarmu kuwa aikinsa ya fi wuya. Wuta takan zo da ƙarfi, takan yi ƙasa, takan ɗauke ba sallama. Sai a nemi na kamfani sananne, mai hatimin 80 Plus. Ma'anar hatimin ita ce, aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha tana kai wa ga aiki, ba ta zama zafi ba. Hatimin ba shi ne dukan shaida ba, gama akan buga na ƙarya, amma rashinsa alama ce. A ɗaga shi a hannu kuma. Wanda ba shi da nauyi, an rage masa kayan ciki. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto, mai wat 400 zuwa 450 na gaskiya ya isa har da saura.

A karanta takardar da take manne a jikinsa. Wanda aka rubuta masa 100 zuwa 240 ya fi jimrewa sa'ad da wuta ta yi ƙasa. Akwai kuma wani tarko ga masu sayen tokumbo. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Waɗansu tsofaffin fawa-fak suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka sa shi a wutarmu, nan take zai fashe. A duba kafin a kunna.

Cikin lissafin kuɗi, a sa UPS tun daga fari. Batirinsa yakan riƙe kwamfuta 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta, har a ajiye aiki a kashe ta da kyau. Inda wuta take yawan hawa da sauka, a nemi wanda yake daidaita ta, ko a ƙara sitabilaiza.

Akwati, Zafi Da Ƙura

Allo yana da girma uku da aka saba: ATX babba, microATX matsakaici, da Mini-ITX ƙarami. Ƙaramin allo yana zama a babban akwati, amma babban allo ba ya shiga ƙarami. A zaɓi akwati mai ragar iska a gaba da fanka a baya, musamman mai matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Fitilu masu launi ba su sanyaya kome. Da bazara zafi yakan sa kwamfuta ta rage gudu domin ta ceci kanta, da hunturu kuma ƙura takan toshe fanka. A ɗora ta bisa tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a riƙa hure ƙurar bayan 'yan watanni.

Hunturu yana da wani haɗari kuma. Kun san ɗan tartsatsin da yakan kama hannu sa'ad da aka taɓa ƙofar mota a lokacin sanyi? Shi kaɗai ya isa ya kashe RAM ko furosesa. Mai haɗawa ya taɓa ƙarfen akwati tukuna, ya kuma riƙe kaya ta gefe.

Shiga Kasuwa

Daga waje ake shigo da kayan nan duka, da dala kuma ake sayo su. Tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, kuɗinsu ya hau ƙwarai. A ƙarshen 2025 kuma RAM ya yi tsada a duniya duka, saboda manyan kamfanoni masu gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi. Shi ya sa ba mu rubuta farashi a nan ba, domin kafin jaridar nan ta kai hannunku zai canja.

Babbar kasuwar kayan kwamfuta a Nijeriya ita ce Computer Village a Ikeja, cikin Legas, daga can ne masu shaguna da yawa na Arewa suke saro kaya. A Abuja akwai Banex Plaza a Wuse, a Kano kuma akwai Farm Centre. Amma shagon garinku, ko da ya ɗan fi tsada, yana da riba guda: in abu ya lalace kun san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Mai saye ta intanet kuma ya tabbata akwai hanyar mayar da kaya, gama ba a cinikin biri a sama.

Waɗanne ne za a iya saya na hannu? Furosesa, da RAM, da akwati, da monita ba su cika lalacewa ba, in an gwada su. Fawa-fak da ma'ajiya kuwa gara sababbi. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta masu tona asiri. CPU-Z tana nuna ainihin sunan furosesa da RAM. CrystalDiskInfo tana nuna sa'o'in da ma'ajiya ta yi tana aiki. H2testw tana kama ma'ajiyar jabu, wadda aka rubuta mata girman da ba ta da shi. Mai shago na kirki ba ya jin haushin gwaji.

Akwai kuma wata hanya ga mai ƙaramin ƙarfi. Tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell, HP da Lenovo, masu zubi na 8 zuwa sama, sukan zo haɗaɗɗu da araha. A ƙara musu RAM da SSD, sai su yi aikin gida sosai. Sai dai da yawansu suna da nasu irin allo da bakin wuta, waɗanda ba su bi ma'aunin ATX ba. Kada a saye su da niyyar kwashe kayan ciki zuwa wani akwati.

Takarda Guda

Ga misalin jerin da ya dace da juna domin aikin gida: Ryzen 5 5600G, wadda takan zo da fankarta a kwali, allon AM4 irin B550 ko A520, girman microATX, DDR4 sanda biyu masu gigabait 8, SSD na NVMe mai gigabait 500, fawa-fak mai wat 450, akwati mai iska, da UPS. Mai son Intel ya sa Core i3-12100 da allon H610 na DDR4. A duba kuma bakin wayar monita, ko HDMI ne ko VGA, a ga allon yana da irinsa.

Ko wane jeri kuka zaɓa, ku rubuta shi duka a takarda guda kafin ku kashe ko kwabo. Ku nuna wa wani masani wanda ba shi ne zai sayar muku ba. Ku tara kuɗin tukuna, sa'an nan ku saya cikin mako guda, domin garantin abu na fari kada ya ƙare kafin na ƙarshe ya iso. In da hali, a haɗa a kunna a gabanku cikin shagon. A rubuta lambar jikin kowane abu a kan rasit, a ajiye rasit ɗin tare da takardun gida.

Maƙwabcinmu bai yi wa ɗansa faɗa ba. Ya ce masa, "Ɗauko takarda da biro, mu sāke daga fari." Suka sayar da RAM ɗin da furosesar da 'yar hasara, suka sayo waɗanda suka dace da allon. Kwamfutar tana nan a falo bisa tebur, an rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Kowace yamma 'yar tana gwada tambayoyin jarrabawa a kanta, ƙannenta kuma suna jiran layi. Takardar jerin nan kuwa, uban ya manna ta a cikin murfin akwatin, domin ranar da za a ƙara wani abu a san abin da yake ciki.